Injin Yankan Itace Ya Ƙi Tashi? Duba Abu Uku Kafin Ka Nemi Makanike

Idan injinka ya tsaya a Roni ko Gwiwa, kai shi gyara Kazaure zai iya cinye maka aikin yini guda, alhali galibi matsalar ƙarama ce. Tanadi sifanar fulogi, sukudireba da burushi.

Fara da mai. Injin Stihl yana son mililita 100 na man 2T cikin lita 5 na fetur. Fetur zalla yana lalata fistin. Sai fulogi: kwance shi, ka goge baƙin da ya taru. Sannan matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa.

Bari injin ya huce tukuna, kuma ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance komai. Kabureta kuwa, bar wa makanike.