Batirinka Ya Mutu Ne, Ko Yunwa Yake Ji?

A watan Fabrairu, sa'ad da tumatir ya nuna a gonakin rani na Kura da Bunkure, ba mai jiran rana ta fito. Tun da asuba akan ɗora kwanduna bisa a-kori-kura, domin a riski masu saye a Kwanar Gafan ko a kasuwar 'Yankaba. To, a ce an gama lodi a wani ƙauyen Dawakin Kudu, direba ya murɗa makulli, injin ya yi gurnani sau biyu ya yi shiru. Fitila kuwa tana kamawa sarai. Wani ya ce batir ne, wani ya ce ai jiya jiya aka karɓo shi daga wurin caji. Tumatir ba ya jiran a gama gardama, kuɗin sabon batir kuma ba ƙaramin abu ba ne ga maigida mai kuɗin makarantar yara a gabansa.

Irin wannan batir wani mutumin Faransa, Gaston Planté, ya ƙago shi a shekarar 1859. Na mota yana da ɗakuna 6, kowanne da farantan darma a nutse cikin ruwan batir, kowanne kuma yana ba da wajen bolt 2.1. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki, ƙaramar mitar da ke hannun masu gyaran wayar mota ta isa ta nuna shi. Amma awo ɗaya ba ya faɗin gaskiya. Sau uku za ka duba.

Na fari, sa'ad da batir yake hutawa. Kada ka auna shi da saukowarsa daga caji, gama a lokacin yakan nuna 13 ko fiye, na ƙarya. Bar shi ya kwana. Cikakke yakan nuna 12.6, mai rabin caji 12.2, wanda ya sauka ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Idan an yi masa caji sosai amma ya tsaya a wajen 10.5, ɗaki guda ya mutu, ba sauran magana.

Na biyu, bar mitar a kan batir, wani ya murɗa makulli kamar daƙiƙa 10. Dole lambar ta faɗi, amma mai lafiya ba ya sauka ƙasa da 9.6. Na uku, a saki makulli, kai kuwa ka zuba ido ka ga yadda lambar take komowa.

Manomin rani zai gane wannan kafin kowa. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa yake bin magudanai zuwa Kadawa da Kura, kowa kuma ya san abin da laka da ciyawar kachala suke yi wa magudana. Muddin ƙofar gonarka tana rufe, ruwa ya taru har baki, ka ce akwai shi da yawa. Da ka buɗe sai ya janye, domin abin da ke shigowa ta cikin ciyawa bai kai abin da ke fita ba. Ka rufe, ya sake cika. Haka tsohon batir yake. Duk lokacin da aka bar shi babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa ya toshe hanyar wuta. Ga 12.6 a mita, an murɗa makulli ta faɗi zuwa 7 ko 8, an saki ta yi tsalle ta koma 12.5. Wannan komowar ce take ruɗin mutane, har su yi ta biyan kuɗin caji mako mako. A ganina asarar kuɗi ce kawai. Fitila zai iya kunnawa, gama ita kaɗan take ja, amma injin ya fi ƙarfinsa.

Wanda yunwa ce kawai ke damunsa dabam yake. Tun yana hutawa za ka gan shi a 12.2, ya faɗi, sa'an nan ya taso a hankali bai kai inda yake dā ba. Shi a yi masa caji a sannu, dare guda, a sake gwadawa. Idan mota ta tashi, a auna kuma: ya kamata a ga 13.8 zuwa 14.4. In ba haka ba, na'urar cajin motar ce da laifi, sabon batir ma haka za ta bar shi da yunwa.

Kafin ka yanke wa batir hukunci, dubi kawunansa. Farin garin nan da ke taruwa a wurin yana tare wuta. A kwance wayoyin, a wanke da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin ɗakunan, a ɗaure tam a shafa giris. A kuma ari batir mai kyau a gwada. In shi ma ya durƙusa, a nemi ciwon a wurin kik.

Zafin Maris da Afrilu, sa'ad da Kano takan kai digiri 40, shi ne yake cinye kwanakin batir, yana ƙone ruwansa. Sanyin hunturu tona asiri kawai yake yi. Idan ruwan ya ragu, tataccen ruwa za a ƙara har ya rufe farantai, ba na rijiya ko na magudana ba, ba kuma sabon ruwan batir ba. Masu sola a gida su ma su lura, kada su riƙa zuƙe shi kowane dare har ya wuce rabi.

Akwai al'adar goga sifana tsakanin kawuna biyu a ga tartsatsi. A bar ta. Batir yakan fitar da iska mai kama wuta, ya fashe, ruwan ya watsu a ido. Wanda ya mutu kuma kada a fasa shi a tsakar gida, ko a ba yara su yi wasa da farantansa. A 2010 gubar darma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a Zamfara, darmar batir kuwa ita ce dai. A kai shi wurin masu sayar da sabo yadda yake, da murafansa a rufe, sau da yawa sukan rage maka kuɗi.