Me ya sa Super Tucano ke da farfela kamar jirgin zamanin da?

Tun da jiragen A-29 Super Tucano guda 12 suka iso Najeriya a 2021 ake musu kan siffarsu. A majalisun hira daga Talata Mafara zuwa Bakura da Gidan Goga, inda mutane suka saba da rugugin jiragen yaƙi, za ka ji ana cewa: "Wannan mai fanka a hanci ai tsohon yayi ne, ina zai kama ƙafar Alpha Jet?" To, ko kyan jirgi yana nuna ingancinsa?

Wannan musu ya girmi yawancinmu. A Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin Spitfire na Ingila ya yi suna saboda kyan fuka-fukansa masu lanƙwasa. Amma a gumurzun sararin samaniyar Ingila na 1940, Hurricane, wanda bai kai shi kyan gani ba, shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus, domin ya fi yawa kuma gyaransa ya fi sauƙi. Haka A-10 na Amurka: saboda muninsa ake masa laƙabi da sunan gadu, alhali injunansa biyu da aka ɗora can sama ta baya suna ba shi damar tashi daga fili mai tsakuwa ba tare da ya zuƙi datti ba.

Wato aiki ne ke yanka wa jirgi siffa. Alpha Jet, ƙirar Faransa da Jamus, yana gudun kusan kilomita 1,000 a awa, fuka-fukansa sun karkata baya don su rage turjiyar iska. Super Tucano kuwa, ƙirar kamfanin Embraer na Brazil, iyakar gudunsa wajen kilomita 590 ne. Fuka-fukansa miƙaƙƙu ne, masu riƙe jirgi a sama ko da yana tafiya a hankali. Farfelar ma ba irin ta da ba ce: inji ɗan gidan su jet ne ke juya ta, kuma a irin wannan gudu ya fi jet tattalin mai. Shi ya sa jirgin ke iya shafe sa'o'i yana shawagi.

Ga dajin Zamfara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan bindiga ba su da jirgin da za a kora. A kan babura suke, ƙarƙashin itatuwa, kusa da ƙauyuka. Abin da matuƙi ke buƙata shi ne lokacin da zai duba da kyau ta kyamara, ya bambance ɗan bindiga da manomi.

Sai dai jinkirin jirgi kaɗai ba ya hana kuskure. A Janairun 2025, harin sama ya faɗa kan 'yan sa-kai a Tungar Kara, aka rasa rayuka. Saboda haka idan musun ya sake tashi, ga tambayoyin da suka fi kyau ko muni amfani: tsawon wane lokaci jirgin ke iya tsayawa a sama, me matuƙinsa ke iya gani, kuma wa ke ba shi sahihin bayani daga ƙasa?