Kafin Ka Haɗa Amiga 500 Da Monita, Duba Waɗannan Lambobi Biyu

A ce ka yi sa'a ka samu Amiga 500, kwamfutar gida da kamfanin Commodore ya fitar a 1987. Ka haɗa ta da monitan zamani, ka kunna, fitilarta ta kawo, amma allo baƙi ƙirin, ko kuma ya rubuta maka "Out of Range". Kada ka yi saurin cewa ta mutu. Sau tari lafiyarta ƙalau, monitan ne bai iya karɓar irin hoton da take turo masa ba.

Layi-layi ake zana hoton allo, daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka lambobi biyu ne ke aiki: sau nawa ake sabunta hoton a daƙiƙa ɗaya, wato Hz, da kuma layi nawa ake zanawa a daƙiƙar, wato kHz. An ƙera Amiga ne don talabijin. Samfurin Turai, mai tsarin PAL, yana zana kusan layi 312 sau 50, abin da ya ba da 15.6 kHz. Na Amurka, mai tsarin NTSC, yana kan 15.7 kHz da 60 Hz. Shi kuwa tsarin VGA da IBM ya kawo a shekarar 1987 ɗin, daga 31.5 kHz ya fara, ninki biyu kenan. Yawancin monitocin da aka yi daga baya ba sa sauka ƙasa da 30 kHz.

To, ya za ka gane? Juya bayan monitan ka kwafi lambar samfurinsa, ka nemo littafin bayaninsa ta wayarka. Duba inda aka rubuta "Horizontal frequency". Idan ka ga 30 zuwa 83 kHz, ba zai ɗauka kai tsaye ba. Wanda ya faro daga 15 kake nema. Sannan ka duba "Vertical frequency". Nan ne mutane ke mantuwa, domin wasu daga 56 Hz suke farawa, alhali samfurin Turai 50 yake bayarwa. Akwai monitocin da ke karɓar 15 kHz ba tare da littafinsu ya faɗa ba, don haka in da hali ka gwada kafin ka biya kuɗi.

Amma ka yi hattara wurin gwajin. Monita mai faifai saƙo kawai zai nuna maka, wasu tsofaffi masu ƙusumbi kuwa suna iya lalacewa idan aka ba su saurin da ba nasu ba. Haka kuma mahaɗin hoton Amiga mai fil 23 yana ɗauke da wutar volt 5 da volt 12. Wayar da aka haɗa ba daidai ba za ta iya ƙona maka kayan da samun madadinsu sai an sha wuya.

Mafita mafi sauƙi ita ce talabijin mai mahaɗin SCART, irin tokumbon da ake shigowa da su daga Turai, tunda don wannan saurin aka yi su. In kuma lallai monita kake so, na'urar OSSC tana ninka layin zuwa 31 kHz, sai dai 50 Hz ɗin na nan yadda yake, dole monitan ya iya karɓarsa. GBS-8200 ya fi araha kuma yana fitar da 60 Hz, amma motsin wasa kan ɗan riƙa sarƙewa.

Binciken minti biyar ne a waya, kuma ya fi sayen monita sau biyu.