SAYEN GIDAN DA AKA YI WA ƘARI BA DA IZINI BA: ABIN DA YA KAMATA MAI SAYE YA SANI

Gabatarwa

A kowace shekara, musamman bayan kaka, mutanen karkara da dama sukan sayar da amfanin gona ko dabbobi su sayi gida a Kano ko a hedikwatar ƙaramar hukumarsu, wasu domin zama, wasu domin haya. Yawancin gidajen nan an taɓa su bayan ginin farko: an fasa zaure an yi shaguna, an ɗora bene, ko an janyo katanga zuwa bakin titi. Mun shirya wannan bayani ne domin jama'a da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi su fahimci cewa laifin ginin da aka yi ba da izini ba gidan yake bi. Ranar da aka miƙa maka makulli, kai ne za ka amsa shi a gaban hukuma, ko da ba ka aza bulo ɗaya ba.

Takardar mallaka daban, izinin gini daban

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar gida yana da takardar mallaka, magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba, domin takardu biyu ne, kowace da aikinta.

Ta farko ta shafi ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana. Shi ke ba da takardar mallaka a yankunan da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a sauran wurare. Takardar Gwamna takan faɗi girman filin, da tsawon wa'adinsa, wanda galibi shekara 99 ne ga gidan zama, da abin da aka ba da filin dominsa, wato zama ko kasuwanci ko masana'anta.

Ta biyu ta shafi ginin kansa. Ita ce zanen gini wanda hukumar tsara birane ta duba ta buga masa hatimi. A nan Jihar Kano, wannan aiki yana hannun Hukumar Tsara Birane ta Jiha, KNUPDA, wadda dattawa suka fi sani da tsohon sunanta na KASEPPA. Zanen yana nuna yawan ɗakuna, da yawan hawa, da tazarar da aka bari tsakanin gini da titi da maƙwabta. Izinin da aka ba wa zanen farko bai haɗa da abin da aka ƙara daga baya ba. Don haka gida yana iya zama da takardar mallaka ta gaskiya, da izinin gini na gaskiya, amma benen da ke samansa ko shagunan da ke gabansa su kasance haramtattu a idon doka.

Ƙare-ƙaren da suka fi jawo matsala

Fenti da sauya kwano ko gyaran daɓe ba su ne abin damuwa ba. Abubuwan da ya kamata a sa wa ido su ne:

1. Shaguna ko rumfar siminti da aka gina a kan magudanar ruwa ko a filin da aka bar wa titi. Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya fi jan hankalin mai saye saboda kuɗin haya. Idan aka toshe lambatu, ruwan damina gidajen maƙwabta yake komawa, su kuwa ba za su yi shiru ba.

2. Bene da aka ɗora a kan harsashin da aka yi domin gidan ƙasa. Harsashi da ginshiƙan da aka yi wa lissafin hawa ɗaya ba lallai su ɗauki nauyin na biyu ba. Sau da yawa ana rufe tsaguwa da filasta da sabon fenti kafin a sa gida a kasuwa.

3. Ɗakunan da suka shiga ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ƙa'idar hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta 2015 ta ware faɗin mita 11 ga layin kilobolt 11 da na 33, mita 30 ga na 132, da mita 50 ga na 330, rabi a kowane gefe. Babu wanda ke da ikon halatta gini a cikin wannan tazara.

4. Sauya amfanin gida, kamar mayar da gidan zama makaranta, ko gidan burodi, ko wurin injin niƙa, alhali takardar mallaka ta ce na zama ne.

5. Raba gida ɗaya zuwa biyu ko uku bayan rabon gado, a sayar da kowane ɓangare daban, alhali takardar asali ɗaya ce.

Abin da doka ta tanada

Dokar Tsara Birane da Yankuna ta ƙasa ta 1992 ita ce ta shimfiɗa tsarin da aka saba da shi: duk wanda zai yi gini sai ya nemi izini, izinin kuma yakan faɗi idan aka shekara 2 ba a fara aiki ba. Idan aka yi gini ba da izini ba, hukuma na iya ba da takardar dakatar da aiki, ko ta umarci a gyara, ko a cire abin da aka ƙara, ko a rushe. Dokar ta ambaci mai filin a matsayin wanda za a miƙa wa takardar, ta kuma ɗora kuɗin rusau a kan mai ginin. A 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka kowace jiha da dokarta take aiki, amma tushen ɗaya ne: ba gini sai da izini.

Akwai abubuwa uku da ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, daɗewar gini ba ta zama izini. Dillali zai iya cewa shagunan nan sun shekara goma ba wanda ya yi magana, amma ranar da aikin titi ko na magudanar ruwa ya iso unguwar, zanen da ke fayil za a ɗauko. Na biyu, wanda ya yi gini a kan hanya ko magudanar ruwa yana cikin haɗarin rasa diyya idan aka rushe, domin wurin da ma ba nasa ba ne. Na uku, sashe na 28 na dokar 1978 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin mallaka idan aka saɓa sharuɗɗan da ke cikin takardar.

Haka kuma, sashe na 22 na wannan doka ya hana sayarwa ko jinginar da filin da ke da takardar Gwamna ba tare da amincewarsa ba, sashe na 21 kuma ya wajabta amincewar ƙaramar hukuma a kan haƙƙin gargajiya. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba da amincewar Gwamna ba. Sau da yawa a lokacin neman wannan amincewa, ko lokacin da banki ya aiko a ƙiyasta gida, asirin ƙarin yake tonuwa, bayan kuɗi sun riga sun fita.

Matakan da za a bi kafin a biya

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Muna shawartar mai saye da ya bi waɗannan matakai kafin ya ba da ko da kafin alƙalami:

1. Ya nemi ganin takardar mallaka ta asali da zanen gini mai hatimi. Ya ɗauki zanen ya zaga gidan da rana, yana ƙirga ɗakuna da ƙofofi. Duk abin da ke ƙasa amma babu shi a zane, ƙari ne.

2. Ya kai lambar fayil Ma'aikatar Ƙasa da hukumar KANGIS a bincika masa sunan mai filin, da ko an jinginar da shi, da ko an sabunta takardar a aikin sabuntawa da aka ƙaddamar a ƙarshen 2024.

3. Ya je ofishin KNUPDA ya tabbatar da hatimin, ya kuma tambaya ko an taɓa ba gidan takardar gargaɗi ko an shafa masa jan fenti.

4. Ya kawo safiyo mai rajista ya gano turakun iyaka, domin a san ko katanga ta ci titi ko filin maƙwabci.

5. Idan akwai bene ko an cire bango, ya kawo injiniyan gini mai rajista. Maganar birkilan da ya yi aikin ba ta isa shaida ba.

6. Ya tambayi maƙwabta inda ruwa yake bi da damina, da yaushe aka yi kowane ƙari.

Gidajen unguwannin awon igiya, waɗanda aka yanka gonaki aka sayar ba tare da shatar gwamnati ba, galibi ba su da zane sam. A irin wannan wuri tambayar farko ita ce ko gidan ya faɗa kan hanyar da aka tsara, ko makaranta, ko maƙabarta.

Idan aka gano akwai ƙari

Gano ƙari ba ya nufin ciniki ya mutu. Idan ƙarin yana cikin iyakar filin kuma injiniya ya tabbatar da ƙarfinsa, ana iya zana gidan yadda yake a yanzu, a miƙa wa hukuma a nemi daidaitawa, a biya kuɗin izini da tarar da aka yanka. Abin da ya fi dacewa shi ne mai sayarwa ya kammala wannan kafin a biya shi. In ba haka ba, a riƙe wani kaso na kuɗin har izini ya fito, a rubuta hakan a yarjejeniyar da lauya ya shirya, tare da sharaɗin mayar da kuɗi idan hukuma ta ƙi.

Amma idan ƙarin yana kan titi, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar waya, kada a sa ran daidaitawa. A yi farashin gidan tamkar wannan ɓangare babu shi, a kuma cire kuɗin rushe shi. Manomin da ya biya kuɗin gida da shaguna uku, alhali shagunan a kan lambatu suke, ya sayi gida ne kawai da farashin da ya fi ƙimarsa.

Wanda ya riga ya saya, gara ya kai kansa hukuma da takardunsa tun kafin ta zo masa. Idan takardar gargaɗi ta iso, a amsa ta a rubuce cikin wa'adin da aka ɗiba. Duk kuɗin da za a biya a biya ta hanyar da gwamnati ta tanada a karɓi rasit, domin abin da aka ba wani a bayan fage ba ya shiga fayil. Idan mai sayarwa ya ɓoye abin da ya sani, ƙofar kotu a buɗe take, kuma shari'ar Musulunci ta haramta ɓoye aibin haja, ta ba mai saye damar mayar da ita. Sai dai shari'a tana cin lokaci da kuɗi, mai sayarwa kuma watakila ya riga ya kashe abin da ya karɓa.

Kira ga masu unguwanni da jami'ai

Sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce mai daraja cewa an san mai gida kuma an yi ciniki a gaban jama'a, amma ba izinin gini ba ne. Muna roƙon iyayen ƙasa da su riƙa faɗa wa mai saye haka ƙarara kafin su sa hannu, su kuma bayyana duk rigimar iyaka ko ta hanyar ruwa da suka sani. Jami'an ƙasa na ƙananan hukumomi su ziyarci gida kafin su amince da sauyin suna, su kuma tuna cewa Gwamna na da ikon ayyana sabon yanki a matsayin birni, ta yadda ƙauyen da ke bakin gari a yau zai iya shiga ƙarƙashin ƙa'idojin birni gobe. Dillalai kuma su sani cewa la'adar da aka ci a kan ɓoye gaskiya ba ta da albarka.

Kuɗin bincike da na safiyo da na injiniya ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin gida. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ofishin KNUPDA ko sashen ƙasa na ƙaramar hukumarsa, ya riƙo kwafin dukkan takardun gidan. Allah ya sa mu dace, ya kuma tsare mana dukiyoyinmu da rayukanmu, amin.