Masu Kai Mai Yoyon Fitsari Asibiti

 Uwargida, ki gyara zama, domin zancen yau na ƙananan ƙungiyoyin taimako ne, irin waɗanda ba su da babban ofis, ba su da motoci masu tambari a jiki, wasu ma a zauren gidan shugabarsu suke taro. Mutane da yawa suna raina su. Sai ki ji ana cewa, “To me mata goma sha biyar za su iya?” Zan ɗauki larura guda ɗaya, yoyon fitsari, in nuna miki inda hannun gwamnati da na manyan hukumomi yake tsayawa, da inda na waɗannan bayin Allah yake kamawa.

Da farko mu san ciwon. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku mace tana durƙushe jariri ya ƙi fitowa, kansa yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji ya matse shi da ƙashin ƙugu. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar ƙofa. Daga nan fitsari sai zuba dare da rana, wata ma har da bayan gida. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Yankan gishiri ma yana jawo shi. Ba sammu ba ne, 'yar'uwa, ba iska ba ce, kuma ba a ɗaukarsa don an zauna a tabarmar mai shi. Rauni ne, likita yana ɗinke shi, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki suna warkewa.

Wuraren yin aikin akwai su. A Babbar Ruga da ke Katsina, wadda a da asibitin kutare ce, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Dakta Kees Waaldijk ya soma wannan ɗinki a 1984, ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma horar da likitocinmu masu yawa. Yanzu wurin cibiya ce ta gwamnatin tarayya, akwai irinta a Ningi ta jihar Bauchi, da Abakaliki a kudu. A Kano akwai cibiyar Laure a cikin asibitin Murtala, a Jos akwai ta asibitin Jankwano. Galibi a irin waɗannan wurare ba a karɓar kuɗin aiki.

To, in dai aikin kyauta ne, me ya hana mace zuwa? Nan ne gizo ke saƙar. Ki ɗauki yarinyar da ke wani ƙauye, miji ya ce ta je gida sai ta samu sauƙi, ita da shi duk sun san abin da hakan ke nufi. An ware mata ɗaki da kwanon cin abincinta. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ta ma rage shan ruwa wai don zubar ta ragu, abin da yake ƙara wa fitsarin ƙarfi da zarni, ya ci mata fata. Ba ta taɓa jin ana ɗinkewa ba. In ma ta ji, ina kuɗin mota, nata da na mai jinyarta? In an samu kuɗin, wane direba zai yarda ta zauna masa a kujera? In ta isa asibiti ta tarar da layi, aka ce sai bayan mako biyu, ina za ta kwana, me za ta ci? Likita ba zai bar ɗakin tiyata ya tafi ƙauye neman ta ba, ba aikinsa ba ne.

Wannan tazara da ke tsakanin ɗakinta da gadon asibiti, ita ƙananan ƙungiyoyi suke cikewa. Su ne suke da ungozomar da ta san gidan da aka ɓoye yarinya. Su ne za su aiki dattijuwa ta zauna da uban yarinyar, ta yi masa magana cikin ladabi har ya ba da izini, domin in baƙo ya zo da takarda da turanci ƙofa ma ba za a buɗe masa ba. Su biya mota, su haɗa mata zannuwa da sabulu da leda da bokiti, su kai mata kunu da tuwo kwanakin da take jiran layi. Kada ki raina sabulu, Hajiya. Ga macen da take wanke tsumma sau biyar a yini, sandar sabulu ita ce abin da zai ba ta ƙarfin halin zama cikin mutane.

Bayan aiki kuma sai wani sabon babi. Za a bar mata robar fitsari kamar mako biyu, a ce ta yi ta shan ruwa da yawa. In an sallame ta, likita zai hana ta kusantar miji na wasu watanni, ya ce kada ta ɗauki kaya mai nauyi, ya kuma ja mata kunne cewa duk cikin da ta sake samu ta je awo, ta haihu a asibiti, sau da yawa ma ta hanyar aiki. Wa zai tabbatar an bi wannan? Ɗinki mai kyau yakan warware saboda miji ya ƙi haƙuri, ko saboda an mai da ita daka da jan ruwa a rijiya tun ba ta yi ƙwari ba. Ƙungiyar da ta san aikinta takan raka ta har gida, ta zauna da mijin da uwar mijin, ta riƙa leƙowa. A ganina wannan bibiya ta fi duk wani abin da suke yi daraja, kuma ita ce ba a cika gani ba, don ba ta da hoto.

A Jamhuriyar Nijar akwai misali mai kyau. A 1998 wata ma'aikaciyar lafiya, Salamatou Traoré, ta kafa ƙungiya a Yamai mai suna Dimol, kalmar Fulatanci ce da ke nufin mutunci. Suna saukar da mata kafin aiki da bayansa, suna koya musu sana'a, sannan su mai da su garuruwansu. Wadda ta warke ita ce take zama jakadiya, domin in ta tsaya a gaban mata da zaninta a bushe, ba sai an yi dogon bayani ba.

Su ma na ƙasashen waje da muke jin sunansu, da kaɗan suka fara. Likita Catherine Hamlin 'yar Ostareliya da mijinta Reginald sun je Habasha a 1959, suka tarar da wannan larura, suka yi ta rubuta wasiƙu suna neman taimako wurin mutane har suka buɗe asibiti na musamman a Addis Ababa a 1974. Duk matar da aka sallama sai an ba ta sabuwar riga da kuɗin motar komawa gida, kuma tsofaffin mata a Ostareliya sun sha zama su saƙa barguna da hannu a aika wa majinyatan. A nan ne wata mai suna Mamitu Gashe, wadda ta zo tana yarinya da ciwon, ba ta yi makaranta ba, ta zauna tana taimakawa a ɗakin tiyata har ta ƙware a ɗinkin, likitoci suna koyo a hannunta. Catherine ta rasu a 2020 tana da shekara 96, ba ta bar Habasha ba. Akwai kuma wani Ba'amurke, Dakta Lewis Wall, wanda ya zauna a ƙasar Hausa yana nazarin magungunanmu na gargajiya kafin ya zama likitan mata. Ƙungiyar da ya kafa tana cikin waɗanda suka gina cibiyar yoyon fitsari ta Danja, kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012.

Sai dai taimakon waje yana da halinsa. Yakan zo ne da wa'adi, shekara biyu ko uku, in ya ƙare sai a naɗe tabarma. A 2005 an yi gangamin mako biyu a Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi, aka yi wa mata fiye da 500 aiki, abin a yaba. Amma gangami yana watsewa, naƙuda kuwa kullum ana yin ta. Wadda ta samu ciwon bayan an tashi, matan unguwarsu kaɗai ne za su san da ita.

Ba kuma kowace ƙungiya ce ta Allah ba, kada ki ce ban gaya miki ba. Akwai masu tara marasa lafiya a rana, a ɗauke su hoto fuska a buɗe, a miƙa musu turmin atamfa, shi ke nan sai baɗi. Wannan tonon asiri ne. Akwai masu raba keken ɗinki ga macen da ba a koya mata ɗinki ba, kafin wata guda ta sayar ta ci abinci, kuma ban ga laifinta ba. Da an tambaye ta, wataƙila akuya biyu take so, ko jarin ƙuli-ƙuli da ta iya tun tana budurwa. Saboda haka kafin ki ba da kuɗinki ko zakkar maigida, ki yi tambaya. Mata nawa suka kai asibiti bana, kuma wane asibiti? Wa ke riƙe da kuɗi, akwai littafi, ana karanta shi a gaban kowa? Ma'ajin da ba ta da abin ɓoyewa ba ta jin haushin tambaya. In ƙungiyar ta girma har tana karɓar gudummawa daga nesa, ya kamata a ce ta yi rajista, tana da asusun banki da sunanta, ba da sunan shugaba ba.

In kuma babu irinta a unguwarku, ba sai kun jira takarda ba kafin ku fara. Kuna da adashi, kuna da Islamiyya, kuna da zumunta ta coci. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun nuna hanya tun 1991 da tsarin Mata Masu Dubara, inda mata ke zubi duk mako a akwati mai makulli, su ware wani ɗan kaso daban don larura. Ku ma ku ware naku, ko mudun gero ne daga kowace. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku sa ɗaya daga cikinku ta je cibiyar da ta fi kusa da ku, ta tambayi ranar da ake ganin sababbin marasa lafiya, ta karɓo lambar wayar ma'aikaciyar wurin, don kada ku ɗauki yarinya ku yi tafiyar banza.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa. In mace ta haihu bayan doguwar naƙuda, kuka ga fitsari yana zubo mata ba tare da saninta ba, kada ku ce sai ta gama wankan jego, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. A kai ta asibiti a cikin makonnin farko. In ƙofar ƙarama ce kuma sabuwa, sau da yawa robar fitsari kawai za a sa mata na wasu makonni, wurin ya haɗe da kansa ba tare da an yi mata aiki ba.