Wutar Lantarki a Gida, da Wanda Za a Kira Idan Ta Ɓaci

 A makonnin da suka wuce mun yi magana a kan sauro da ƙuda da ruwan sha. Yau kuwa jawabinmu a kan wutar lantarki ne. Wataƙila wani ya ce, ina haɗin lantarki da kiwon lafiya? To, wanda wuta ta ja da wanda gobara ta ƙona duka asibiti ake kawo su, waɗansu ma ba a kaiwa da su da rai.

Hausawa sun ce ba a fafa gora ranar tafiya. Abin da muke so ku riƙe ke nan. Kowane maigida ya san inda ake kashe wutar gidansa, ya kuma san mai gyaran da zai kira, tun lafiya lau, kafin dare ya yi masa da hayaƙi a ɗaki.

YADDA WUTA KE YI WA JIKI LAHANI

Wutar da ke shiga gidaje a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne, a Jamhuriyar Nijar kuwa 220. Amma abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, ana kuwa auna wannan da ampiya. Ku raba ampiya guda kashi 1,000. In kashi 1 ya bi jikin mutum, zai ji ɗan zirr. In ya kai kashi 10 zuwa 15, sai naman hannu ya ƙage, yatsu su damƙe wayar, mutum ya kasa saki. Abin da ake nufi ke nan in an ce wuta ta riƙe shi. In kashi 50 zuwa 100 ya ratsa ƙirji, zuciya takan rikice, ta riƙa karkarwa maimakon bugawa, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa. Dutsen guga kaɗai kuwa yana jan wajen ampiya 4, watau kashi 4,000. Kun ga ashe ɗan kaɗan daga wutar guga ya isa ya ɗauki rai.

Busasshiyar fata takan tare wuta gwargwado. Jiƙaƙƙiya kuwa hanya take ba ta. Saboda haka haɗari ya fi yawa da damina, da wurin wanka, da lokacin da mutum ya tsaya ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Uwargida, in kin tsoma hita a bokiti, kada ki sa yatsa don jin ko ruwa ya yi zafi. Zare filogin tukuna. Kada kuma a bar yaro kusa da bokitin ko kaɗan.

ALAMUN DA GIDA KE NUNAWA

Sau da yawa waya takan yi gargaɗi kafin ta kama wuta. Ga alamun:

1. Warin ƙonar roba, ba a san daga inda yake fitowa ba.
2. Soket ko filogi ya yi zafi, ko bakinsa ya yi baƙi.
3. Tartsatsi ko ƙara a cikin makunni.
4. Firiji, ko famfo, ko ƙyauren ƙarfe yana jan mutum in ya taɓa.
5. Fis yana yawan ƙonewa, ko bireka tana yawan faɗuwa.

Filogin nan mai ƙafa uku, fis ɗin da ke cikinsa ba ya wuce ampiya 13, watau wajen wat 3,000. In aka haɗa hita da dutsen guga da murhun lantarki a doguwar wayar nan mai baki huɗu, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, sai ta yi zafi, robar ta narke. Fis kuwa mai gadi ne. Da gangan aka yi shi da siririyar waya, don ya ƙone kafin wayar bango ta ƙone. Wanda ya cire shi ya cusa ƙusa ko waya mai kauri, ya kori mai gadi ke nan ya bar ƙofa a buɗe.

Wani abu kuma. In an ɗauke wuta, a bi a kashe guga da hita da murhu nan take. Sau da yawa mutum ya manta, ya fita ko ya yi barci, a dawo da wuta tsakar dare. Da hunturu, lokacin da kome ya bushe, wannan mantuwa takan cinye gida.

AIKI KASHI UKU NE

Na farko na maigida ne. Shi ne kashe babban makunni, da zare filogi, da canja ƙwan fitila bayan an kashe shi, da tayar da bireka sau ɗaya bayan an zare kayan da ke jone. In ta sake faɗuwa, a ƙyale ta, akwai ciwo a wani wuri. Yau ɗin nan ku nuna wa uwargida da manyan yara inda babban makunni yake. Kada a jingine buhu ko kabad a gabansa, a kuma rataye tocila kusa da shi. Gidan da ke da sola da inbata ko janareta, a sani kashe wutar kamfani kaɗai bai isa ba. Su ma sai an kashe su.

Na biyu na mai gyaran wuta ne, watau duk abin da ke cikin bango, da silin, da akwatin bireka.

Na uku na kamfani ne: falwaya, da taransifoma, da wayar da ta taso daga falwaya, da mitar wuta. Har yanzu mutane na cewa 'yan NEPA, sunan hukumar da aka kafa a 1972. Amma a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni. A wannan rabo kamfanin Kano ya sami Kano da Katsina da Jigawa, na Kaduna ya sami Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, akwai kuma na Jos da na Yola da na Abuja. A Nijar kuwa kamfanin NIGELEC ne. Ku duba takardar kuɗin wuta, ko ku je ofishinsu mafi kusa, ku karɓi lambar kai ƙara.

In waya ta tsinke ta faɗo a titi, a ɗauka tana da wuta, ko da unguwa duka tana cikin duhu. Manyan wayoyin cikin gari suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000. Irin wannan ba sai an taɓa ba, ƙasar da ke kewaye da ita ma takan ɗauki wuta. A ja da baya kamar mita 10, watau wajen taku 15, a tsare yara da dabbobi, a kira kamfani. Kada a taɓa ta ko da sanda.

YADDA ZA A SAMI MAI GYARA NA KIRKI

Riƙe filaya da testa ba shi ke sa mutum ya zama gwani ba. Ku tambayi maƙwabta wanda ya yi musu aiki shekara biyu ko uku bai sake ɓaci ba. Ku tambayi mai unguwa, da masu shagon kayan wuta. Ku nemi mai shago tsayayye, wanda za a same shi gobe. A Nijeriya akwai hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke jarraba masu saka wayar lantarki ta ba su takardar shaida. Ba abin kunya ba ne a ce wa mutum, "Malam, mu ga takardarka."

Sa'an nan ku lura da shi yana aiki. Na kirki yakan kashe wuta kafin ya taɓa waya, ya kuma gwada ya tabbata ta mutu. Yakan haɗa waya a cikin akwatinta, ba ya murɗawa ya naɗe da leda. Yakan sa waya mai lamba 1.5 a fitilu, mai 2.5 a soket. Yakan duba wayar ƙasa da ƙarfen da aka binne dominta, gama ita ke kwashe wutar da ta ɓalle a jikin firiji ta kai ta ƙasa. Ku ce ya sa muku irin birekar nan da ke tsinke wuta da zarar kashi 30 ya zurare. Tana da ɗan maɓallin gwaji a jikinta, ta kuwa ceci rayuka da yawa. A yi ciniki kafin aiki, a karɓi rasit na kaya.

Wanda kuwa ya ce zai zagaye muku mita, ko zai hau falwaya, ko zai cire bireka don ta daina damunku, ku sallame shi. Satar wuta laifi ne, gidanku kuma ba gidansa ba ne zai ƙone. Haka nan kada a yarda a jona janareta da wayar gida sai da makunnin da ke raba shi da layin kamfani. In babu shi, wutar janareta takan koma falwaya ta kashe ma'aikacin da ke gyara. Janareta kuma a waje yake kwana, nesa da taga, don hayaƙinsa na da guba marar wari mai kashe mutane cikin barci.

Ku sami lambar mutum biyu, ku rubuta a bango kusa da mitar wuta, tare da ta kamfani da ta 'yan kwana-kwana. Lambar gaggawa ta Nijeriya 112 ce, kyauta ake kiranta. A Nijar ta 'yan kwana-kwana 18 ce. In abu ya faru da dare, a kashe babban makunni, a kira mai gyara, a faɗa masa abin da aka gani da warin da aka ji. In wuta na kashe, ba hayaƙi, bango bai yi zafi ba, yawancin gyara na iya jiran safiya. Gara a kwana da tocila da a kawo wanda ba a sani ba ya yi aiki cikin duhu.

IDAN WUTA TA JA MUTUM

Kada ku cafke shi, sai ta haɗa da ku. Ku kashe makunni. In ba hali, kuma wutar gida ce, ku tsaya a kan busasshen katako ku ture wayar da busasshiyar sanda.

Ku duba ko yana numfashi. In ba ya yi, wani ya ruga neman mota ko ya kira 112, kai kuwa ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun bisa, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Kada ka tsaya sai ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya sun karɓe ka, gama ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba jini. In yana numfashi amma ya suma, a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa madara ko ruwa, sai ya shaƙe.

Ƙuna kuwa, a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da ƙwai, ban da manja, ban da man goge baki. Lalle a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, don ƙunar lantarki ƙarama ce a fata, babba a ciki. Mace mai ciki kuwa, ko yaya aka ja ta, a kai ta.

IDAN GOBARA TA TASHI

Kada a watsa ruwa ga wayar da ke da wuta, gama ruwa zai kawo ta hannun mai watsawa. A kashe babban makunni. In wutar ƙarama ce, a zuba yashi. In ta kama silin ko labule, kowa ya fita, a ƙirga yara, a kira 'yan kwana-kwana. Kada kowa ya koma ɗauko kaya. Kaya ana sake saye.

To jama'a, kafin ku kwanta yau ku yi abu uku. Ku nuna wa iyali babban makunni, ku rataye tocila, ku rubuta lambobin nan a bango. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa.