Tartsatsin Hunturu da Wayar Hannu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya sauka a ƙasar Karaye da Rogo, akwai wani abin da kusan kowane gida ya sani. Mutum ya tuɓe rigar sanyi da dare sai ya ji ƙas-ƙas, in ɗakin da duhu har ya ga ɗan haske. Ya miƙa hannu zai buɗe ƙofar mota, sai wani abu ya tsunkule shi a yatsa. Yara sukan yi dariya, waɗansu tsofaffi kuwa su ce iskoki ne. To, lantarki ne, irin wanda za mu kira lantarkin goga, gama gogayya ce take haifar da shi.

Ba sabon abu ba ne. An ce wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu wani masani Bahelene, Talis mutumin Militus, ya lura cewa in an goga wani irin daskararren ƙaro da ulu yakan jawo gashin tsuntsu. Helenawa suna kiran ƙaron nan "elektron", daga nan kuwa kalmar lantarki ta samo asali har ta iso bakinmu. 'Yan makaranta suna yin gwajin nan da biro: su goga shi a gashin kai, ya ɗauki gutsattsarin takarda.

Me ya sa sai da hunturu? Da damina iska tana da laima, lantarkin da ya taru a jiki yakan zurare a hankali ba mu sani ba. Da hunturu kuwa laimar iska a ƙasar Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ga bargon roba, ga tabarmar leda, ga takalmin roba da yake hana lantarkin shiga ƙasa. Sai ya yi ta taruwa a jiki, yana jiran ƙarfen da za a taɓa.

Ga abin mamaki, mai karatu. Wutar soket ta gidajenmu bolt 230 ce, tana kuwa kisa. Amma mutum ba ya ma jin tsunkulin nan sai ya kai wajen bolt 3,000, a busasshiyar iska kuma yana iya wuce 20,000. Ba ya cutar jiki domin kaɗan ne ƙwarai, kuma kafin ƙiftawar ido ya wuce. Kamar cokali guda ne na ruwa da ya faɗo daga bisa tsauni, wutar soket kuwa kamar kogin Challawa ce da ba ta daina gudu. Amma ƙananan kayan da suke cikin waya, waɗanda hanyoyinsu sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, akwai waɗanda bolt 100 ma ya isa ya ƙone su. Watau tartsatsin da ba ka gani ba, ba ka kuma ji ba, shi ne yake iya kashe waya.

Muddin waya tana rufe, kada hankalinka ya tashi, gama masu ƙera ta sun gwada ta da irin wannan. Hatsarin yana zuwa sa'ad da aka buɗe ta. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, samarinmu da yawa sun koyi gyara, waɗansu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, suka dawo gida suka kafa tebur. Sana'a ce mai kyau, ina kuwa yaba musu. Amma dubi teburin: an shimfiɗa masa leda, mai gyara yana sanye da rigar ƙwallo ta roba, yana goge cikin waya da burushin roba. Wayar takan tashi a ranar, bayan mako biyu ta fara mutuwa da kanta, sai mai ita ya ce an sace masa kaya an sa masa tsoho. Sau da yawa ba wanda ya saci kome. Maganin ba shi da tsada: tebur na katako ba leda, rigar auduga, a taɓa ƙarfen da yake kafe a ƙasa kafin a taɓa cikin waya, a riƙe kayan ta gefe. Akwai kuma wani abin ɗaurawa a wuyan hannu mai igiya zuwa ƙasa, wanda ya kamata kowane mai gyara ya mallaka. Kai ma a gida, kafin ka cire sim ko memori, taɓa ƙofar ƙarfe tukuna.

Waya dai dukiya ce, ana iya sake ta. Inda rai yake shiga ciki shi ne wajen fetur. Mutane suna tsoron waya ta yi ƙara a gidan mai, ya kuwa kamata a bi dokar da aka rubuta a can. Amma a Amurka, wata ƙungiyar masu kayan gidajen mai ta tattara labarin gobara fiye da 150 tsakanin 1992 da 2010, ba ta sami ko ɗaya da waya ta tayar ba. Tartsatsin jiki aka fi zargi: mutum ya koma cikin mota, ya gogi kujera, ya fito ya kama bakin famfo. A ƙauyukanmu, inda ake sayen mai a jarka don babur da injin ban ruwa, lalle a kula. Fetur da kansa yana tara lantarki sa'ad da yake zuba cikin roba. A sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, kada a cika ta a kan babur ko a bayan mota, a kuma bar bakin famfo yana taɓa bakin jarka. Iyaye mata, kada a aiki yaro ɗura mai cikin janareto da dare.

Walƙiyar damina ma irin lantarkin nan ce, sai dai ta gizagizai ce, ba ta bargo ba. Wayar da take hannunka ba ta kiran tsawa, kamar yadda ba wata lamba da take kashe wanda ya amsa ta, ko da yake jita-jitar nan ta firgita ƙasar nan a 2004. Amma wayar da take jone da caja tana haɗe da igiyar lantarki ta waje, tsawa kuwa tana bin igiya. In hadari ya taso, a zare caja daga soket.

Kada kuma a kwana da waya tana caji a ƙarƙashin matashin kai. Batir ba ya son zafi. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta yana kama wuta. In ka ga bayan waya ya kumbura, daina yi mata caji, kada ka danne batirin ko ka huda shi, ka ajiye ta a kan siminti nesa da yara har ka kai ta a canja shi.